Ƙirƙira A Masana'anta Da Ladan Ma'aikaci: Daga Ford Zuwa Kwarin Silikon

Akwai wata magana da akan ji a bakin masana tattalin arziki, har ta zama kamar karatun allo, cewa idan masana'anta ta ƙirƙiro sabuwar dabarar aiki, to kaya za su yawaita, riba za ta ƙaru, sa'an nan ladan ma'aikaci ya bi bayansu. Biyun farko ba ni da ja a kansu. Na ukun ne nake so mu auna da tarihi, domin a ganina akwai wani abu da akan tsallake tsakanin riba da lada, watau ko ma'aikacin nan yana da ikon ajiye aiki ya nufi wani wuri, ko kuwa ba shi da shi. Zan kawo misalai biyu daga ƙasar Amurka, ɗaya daga maƙeran motoci a farkon ƙarni na 20, ɗayan kuwa daga maƙeran kayan kwamfuta, tun daga 1957 har zuwa farkon wannan ƙarni. Da gangan na ce lada maimakon albashi, saboda mutanen da za mu fara da su 'yan ƙodago ne, da yini ake lissafa musu kuɗi.

Henry Ford ya kafa kamfaninsa a birnin Detroit cikin 1903, kuma a 1908 ya fito da motar nan da ake kira Model T, wadda aka soma sayarwa a kan dala 850. A zamanin nan yadda ake haɗa mota bai bambanta da yadda ake gina ɗaki ba. Sai a kafa ƙashin motar a wuri guda, makanikai su kewaye shi, wannan ya ɗauko taya, wancan ya kinkimo inji, a yi ta kai da kawowa har a gama. Cikin 1913, a masana'antarsa ta Highland Park, aka juya al'amarin: ma'aikaci ya tsaya cik a wurinsa, aikin ne ke tafiya ya iske shi. Wani daga cikin mutanen Ford ya ba da labarin cewa a mayankar Shikago ya ga dabarar, inda nama ke rataye a ƙugiya yana wucewa ta gaban mahauta, kowa ya yanke kasonsa ya bar wa na gaba. Su mahauta rarraba dabba suke yi, mutanen Ford kuwa sai suka bi hanyar da baya suka haɗa mota.

An fara gwada abin a kan wani ɗan sashe na inji mai ba da wuta. Da can mutum ɗaya kan haɗa shi cikin minti 20. Da aka raba aikin gida 29, kowa da abin da zai ɗaura, sai ya koma minti 13, daga baya ma minti 5. Da aka kai ga ƙashin motar kansa, aikin da ke cin awa 12 da rabi ya dawo minti 93. Duk wanda ya taɓa leƙa masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta soma haɗa Fijo a 1975, to jikar wannan layi ya gani.

To, ƙirƙira ta samu, riba kuma ta samu. Lada fa? Bai motsa yadda za a yi zato ba. Mafi ƙarancin abin da ake biya shi ne dala 2 da senti 34 a yinin awa 9. Aikin kuwa ya zama abin ƙi. Mutumin da ya saba haɗa inji tun daga fari har ƙarshe, yana alfahari da hannunsa, yanzu an tsayar da shi yana ɗaure noti ɗaya tun safe har la'asar, kuma sarƙar da ke jan mota ita ke yanke masa saurin da zai yi. Mutane suka yi ta gudu. A shekarar 1913 sai da kamfanin ya ɗauki kimanin mutum dubu 52 kafin ya iya riƙe gurbin mutum dubu 14, watau kowane gurbi an cika shi kusan sau huɗu cikin shekara guda. Ban da wannan, kowace safiya mutum ɗaya cikin goma ba ya zuwa. Detroit gari ne mai masana'antu da yawa, wanda ya bar Ford da hantsi yana iya samun wani aikin kafin mako ya zagayo.

A nan ne ƙirƙirar ta juyo ta kama mai ita. A tsohon tsari idan makanike ɗaya ya yi fashi, mota ɗaya ce za ta makara. A sabon tsari kuwa, gurbi ɗaya in ya zama wayam, ko aka sa baƙo wanda hannunsa bai faɗa ba, duk layin ne zai yi tafiyar hawainiya. Injunan da aka kashe dukiya a kansu ba su da amfani sai da mutanen da za su tsaya a gabansu kullum.

Ran 5 ga watan Janairu 1914, Ford da abokin aikinsa James Couzens suka kira 'yan jarida suka sanar cewa daga mako mai zuwa za a riƙa biyan dala 5 a yini, kuma yinin ya koma awa 8. Labari ya game ƙasa. Washegari wajen mutum dubu 10 suka yi dafifi a ƙofar masana'anta, wasu daga garuruwa masu nisa. Ran 12 ga wata taron ya rikice, aka watsa musu ruwa da mesar 'yan kwana-kwana cikin sanyin hunturu mai daskarar da ruwa a jikin riga. Sauran masu masana'antu suka fusata, wata jaridar 'yan kasuwa ta Niyok ma ta zarge shi da shigo da koyarwar addini inda ba muhallinta ba.

Sau da yawa akan ce wai Ford ya yi haka ne don ma'aikatansa su sami kuɗin sayen motar da suke ƙerawa. Maganar tana da daɗin ji, amma lissafi bai goyi bayanta ba. Kamfanin da ke fitar da motoci sama da dubu 200 a shekara, ko da duk ma'aikatansa dubu 14 sun sayi ɗai-ɗai, me suka rage? Ruwa ba ya tsami banza. Shi kansa Ford ya amsa daga baya cewa dala biyar ɗin nan tana cikin dabarun rage kashe kuɗi mafi kyau da ya taɓa yi. Da gaskiyarsa. A 1915, cikin kowane ma'aikata ɗari, 16 kaɗai suka bar aiki. Rage awa zuwa 8 kuma ya ba shi damar juya ma'aikata kashi uku a maimakon biyu, injuna suka daina kwana. Ribar kamfani ta tashi daga kimanin dala miliyan 30 a 1914 zuwa kimanin miliyan 60 a 1916, kuɗin mota kuwa ya sauko zuwa dala 360. Wasu masana biyu, Daniel Raff da Lawrence Summers, sun bi takardun kamfanin a wani nazari da suka buga a 1987, suka kuma tarar cewa ƙarin ya mayar wa Ford da kaso mai yawa na kuɗinsa ta hanyar ƙaruwar aiki.

Sai dai akwai ƙugiya a cikin naman. Asalin ladan bai canza ba, yana nan a dala 2 da senti 34. Ragowar dala 2 da senti 66 an kira ta rabon riba, kuma ba kowa ke samu ba. Sai wanda ya yi wata 6 yana aiki, in magidanci ne ya kasance yana zaune da iyalinsa yana ciyar da su, in gwauro ne ya haura shekara 22 kuma an shaida yana tattali. Mata ba su shiga ba da fari, sai wadda ke ɗauke da nauyin gida. Aka kafa wani sashe na musamman mai masu bincike, suna bin mutane har gidajensu, su duba tsabtar ɗaki, su tambayi ko maigida yana shan giya, su nemi ganin littafin banki. Baƙin da suka zo daga Turai aka tura su makarantar koyon Ingilishi. Ashe mutum ya sayar da yininsa, ya kuma haɗa da darensa.

Dala biyar ɗin ma ba ta daɗe da ƙarfinta ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ninka tsadar kaya kusan sau biyu tsakanin 1914 da 1920, ƙarin da aka yi zuwa dala 6 a 1919 bai cike giɓin ba. Sauran kamfanoni suka kwaikwayi layin, aikin ko'ina ya zama iri ɗaya, gudu ya rage amfani. A 1927, bayan an ƙera Model T miliyan 15, Ford ya rufe masana'anta wajen wata 6 don ya sake fasalin mota, dubban ma'aikata suka zauna a gida ba ko sisi. Da karayar arziki ta zo, mafi ƙarancin lada ya faɗi zuwa dala 4 a 1932. Masu binciken gida sun riga sun tafi, 'yan sandan kamfani ƙarƙashin Harry Bennett suka maye gurbinsu. Ran 7 ga Maris 1932 aka buɗe wuta a kan marasa aiki da suka yi jerin gwano zuwa masana'antar River Rouge, mutum huɗu suka mutu nan take. A 1937 mutanen Bennett suka lakaɗa wa Walter Reuther da abokansa na ƙungiyar ƙwadago duka a kan wata gadar sama, a gaban masu ɗaukar hoto. Injunan nan duk suna nan, sun ma fi na 1914 kyau. Abin da ya canza shi ne, yanzu in mutum ya fita ta ƙofa, ɗari suna tsaye a waje suna jiran gurbinsa.

Tun da fita ɗai-ɗai ta daina ba kowa tsoro, sai ma'aikata suka koyi fita gaba ɗaya. Yajin aikin Afrilu 1941 ya tilasta wa Ford amincewa da ƙungiyarsu. A 1950 kuma Reuther ya ƙulla yarjejeniyar shekara 5 da kamfanin General Motors, wadda aka sani da Yarjejeniyar Detroit. A cikinta an rubuta cewa lada zai riƙa bin tsadar kaya, kuma za a yi ƙari kowace shekara saboda ci gaban dabarun aiki. Watau abin nan da ake cewa yana faruwa da kansa, sai da aka zauna aka rubuta shi a takarda, aka sa hannu.

Kwarin Silikon

Misali na biyu yana can gabar yamma, a jihar Kalifoniya, kuma shi ma da barin aiki ya fara. William Shockley, ɗaya daga cikin mutum uku da aka ba kyautar Nobel a 1956 saboda ƙirƙiro taransisto, watau ɗan abin nan da ya maye gurbin kwalaben cikin tsohuwar rediyo, ya buɗe kamfani a garin Mountain View a wannan shekara. Ya tara matasa masu kaifin ƙwaƙwalwa, amma zama da shi ya gagara. Mutum ne mai zargi, har ya taɓa neman a sa ma'aikatansa a na'urar gane maƙaryaci saboda wata sakatariya ta yanke a yatsa. A 1957 mutum takwas suka ajiye aiki rana ɗaya, cikinsu har da Robert Noyce da Gordon Moore. Kowa ya sa dala 500, wani kamfani na gabas ya ba da jari, suka kafa Fairchild Semiconductor. Cikin shekara biyu suka gano hanyar zana taransisto da yawa, da wayoyin da ke haɗa su, a kan ɗan falle guda na silikon. Wannan ƙwayar lantarki ita ce zuciyar kowace kwamfuta da wayar hannu. A 1959 uwar kamfanin ta saye rabonsu, kowannensu ya tashi da hannun jari na kimanin dala dubu 250.

Abin da suka yi wa Shockley shi aka yi ta yi musu. Shugabannin da ke gabas sun yi ƙyashin ba injiniyoyi hannun jari, su kuwa injiniyoyi sai su fita su kafa nasu. Noyce da Moore da kansu sun fita a 1968 suka kafa Intel, wasu suka kafa AMD a 1969, haka aka yi ta haihuwa har wani ɗan jarida ya raɗa wa yankin suna Kwarin Silikon a 1971. Sababbin kamfanonin, don su riƙe mutanensu, suka mai da ba da hannun jari al'ada.

Me ya sa hakan ya yiwu? Akwai wata tsohuwar doka a Kalifoniya tun 1872, wadda ta ce duk sharaɗin da zai hana mutum yin sana'arsa ba shi da ƙarfi a gaban shari'a. Saboda haka ba a iya ɗaure injiniya da alkawarin cewa in ya bar aiki ba zai koma wurin abokin gasa ba. A jihar Masacusets kuwa, inda manyan kamfanonin kwamfuta irin su Wang da Digital suke, kotuna suna aiki da irin wannan sharaɗi. Malama AnnaLee Saxenian ta kwatanta yankunan biyu a wani littafi da ta fitar a 1994, ta nuna yadda yawon injiniyoyi daga wannan kamfani zuwa wancan ya riƙa yaɗa sani a Kalifoniya, alhali a gabas kowane kamfani ya rufe ƙofarsa. Wang ya karye a 1992, Digital kuma aka saye shi a 1998. Ba zan ce doka ɗaya ce ta jawo wannan duka ba, domin akwai kwangilolin soja da jami'ar Stanford da masu zuba jari. Amma dai a nan ƙafar ma'aikaci ta yi aiki biyu: ta ɗaga albashi, ta kuma ɗauki ƙirƙirar kanta daga gida zuwa gida.

Kada mai karatu ya ɗauka kowa ne ya ci wannan gajiya. Bayan injiniya ya zana ƙwayar, sai an sami mai zama gaban madubin ƙara girma yana liƙa mata wayoyi masu sirantakar gashi, yini guda. Yawancinsu mata ne. A 1963 Fairchild ya kai wannan aiki Honkon, inda ake biyan kimanin senti 25 a awa, kashi ɗaya cikin goma na ladan Amurka. A 1965 ya buɗe wata masana'anta a Shiprock, a ƙasar ƙabilar Nabaho ta 'yan asalin Amurka, wadda ta kai ma'aikata wajen dubu ɗaya. Da aka sallami wasu a 1975, masu zanga-zanga ɗauke da makamai suka mamaye wurin na kwana 8, kamfani kuwa ya rufe ya tafi gaba ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ford ba ya iya ɗaukar Highland Park ya kai ƙetare, amma ƙwayar lantarki dubu ba ta cika aljihu ba, jirgin sama ɗaya ya ishe ta. A wannan karo masana'antar ce ke da ƙafa. Ko a ƙasar Sin, sai a 2010, bayan ma'aikata fiye da goma sun hallaka kansu a masana'antun Foxconn da ke haɗa wayoyin Apple, duniya ta yi ca, sa'an nan aka ɗaga mafi ƙarancin albashi a Shenzhen daga yuwan 900 zuwa 1,200, daga baya 2,000. Nan da nan kuma kamfanin ya shiga gina sababbin masana'antu a cikin ƙasa, inda lada ya fi araha.

Su kansu injiniyoyin ba a bar su haka ba, kuma wannan shi ne ɓangaren da ya fi ba ni mamaki. Tun da doka ta hana a ɗaure ma'aikaci, sai shugabannin suka ɗaure junansu. Tsakanin 2005 da 2009 wasu manyan kamfanoni, Apple da Google da Intel da Adobe da Intuit da Pixar da Lucasfilm, suka ƙulla yarjejeniyoyi a asirce, biyu-biyu, cewa wannan ba zai kira ma'aikacin wancan ya yi masa tayin aiki ba. Wasiƙun da suka fito a kotu sun nuna yadda abin ke gudana. A watan Maris 2007 wani ma'aikacin Google mai neman sababbin hannu ya tuntuɓi wani injiniyan Apple. Steve Jobs ya aika da ƙorafi ga Eric Schmidt, shugaban Google, aka kori mai tuntuɓar nan take. Da aka sanar da Jobs, sai ya tura saƙon gaba da alamar murmushi. A shekarar nan kuma shugaban kamfanin Palm, Ed Colligan, ya ƙi shiga, ya ce abin ba daidai ba ne kuma mai yiwuwa ya saɓa doka, Jobs kuwa ya yi masa barazanar kai shi kotu a kan haƙƙin mallakar ƙirƙira.

Ya kamata a lura cewa waɗannan su ne shekarun da aka fito da iPhone, a 2007, da Android, a 2008. Ƙirƙira tana kan ganiyarta, riba tana malala, shugabanni kuwa suna aika wa juna wasiƙa a kan yadda za a hana albashi tashi. In da lada yana bin ƙirƙira da kansa kamar inuwa, ko kuma ba ruwansa da wanda ke kiran wani, da ba su ɓata lokacinsu ba.

Kamfanin Facebook ya ƙi shiga, ya ci gaba da janye mutanen Google. A watan Satumba 2010 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta sa shida daga cikin kamfanonin suka yi alkawarin dainawa, ba tare da an ci su tara ba. Wata biyu bayan haka, Google ya sanar da ƙarin kashi 10 cikin ɗari ga dukkan ma'aikatansa daga Janairu 2011. Shekara 97 tsakaninsa da sanarwar Ford, kuma ciwon ɗaya ne, mutane suna fita.

A 2011 ma'aikata suka shigar da ƙara a madadin mutum wajen dubu 64. Masanin da suka ɗauko ya ƙiyasta asararsu a kan dala biliyan 3, wadda doka kan iya ninka ta sau uku in an ci nasara. Ƙananan kamfanoni uku suka sasanta tun da wuri a kan dala miliyan 20. Manyan huɗu suka yi tayin miliyan 324 da rabi, alƙaliya Lucy Koh ta ƙi amincewa a watan Agusta 2014, ta ce ya yi kaɗan idan aka dubi ƙarfin shaidar. A watan Satumba 2015 ta amince da miliyan 415. Kamfanonin ba su amsa laifi ba. Bayan an cire kuɗin lauyoyi, abin da ya faɗa hannun kowane ma'aikaci, in an raba daidai, bai kai dala dubu 6 ba.

Dokar nan ta 1872 kuwa ba ta zama ta ƙasa baki ɗaya ba. A watan Afrilu 2024 hukumar kula da ciniki ta tarayya ta fitar da ƙa'idar hana sharaɗin da ke ɗaure ma'aikaci, tana mai cewa Amurkawa wajen miliyan 30 ne ke ƙarƙashinsa. A watan Agusta na shekarar wata alƙaliya a jihar Tekzas ta soke ƙa'idar tun kafin ta fara aiki.